Sulen Azurfa: Arha Muke Sayar da Shi

Wannan makon alƙalami ya faɗo hannuna, kuma na san wani zai ce me ya haɗa zauren marubuta da tsofaffin sulalla. Ku yi haƙuri ku biyo ni, maganar ta fi kusa da mu fiye da yadda ake zato.

Bara da damina, lokacin da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Ruwan Godiya suka sake kwasar abin da za su iya ɗauka suka nufi Funtua saboda 'yan bindiga, gwaggona tana cikinsu. Bayan sati uku a ɗakin aro, abinci ya ƙare, ga jikarta ba lafiya. Sai ta zaro wani ƙullin tsumma daga ƙasan adudunta. A ciki akwai sule goma sha ɗaya, dala biyu, sisi ɗaya mai huji, da liyari guda babba, duk gadon kakarta. Daren da za a kai su kasuwa ta zauna da toka da lemun tsami ta dirje su tas, wai don mai saye ya ga hasken azurfa kada ya raina. Ni na raka ta. Mai sayen bai ko juya su ba. Ya zuba su a ɗan ma'auninsa, ya danna lissafi a waya, ya ƙirgo kuɗi. Aka sayi masara da magani. Ban ga laifinta ba, yau ma ban gani ba, domin mai jin yunwa ba ya jiran gwanjon Landan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne biyu daga cikin sulallan nan. Kafin ta dirje su na riƙe su a hannu. Sun yi duhu-duhu, amma duk wani ɗigo da ke jikin kambin Sarkin Ingila yana nan, gashin gemunsa ana ganin sili-sili, ganyen bishiyar da ke baya ko ɗaya bai shafe ba. Sauran tara kuwa sun sha hannu har fuskar sarkin ta koma kamar inuwa. Ma'auni bai bambanta su ba. Daga baya na zauna na yi karatu a kan lamarin, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne wannan: sulen azurfa da dalar azurfa na 1913 zuwa 1920, in dai ba su goge ba, ana sayar da su ƙasa da ƙimarsu. A nan gida arhar ta yi muni. A kasuwar duniya ma ina ganin ba su kai inda ya kamata su kai ba. Amma akwai sharuɗɗa, kuma zan faɗe su, don kada gobe wani ya ce na tura shi tonon ɗakin kakarsa.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai. A 1912 Turawan mulki suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, mai mazauni a Landan, don ta samar wa Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. A 1913 ta fito da dala, wato sule biyu wadda wasu ke kira fataka, da sule da sisi da taro, dukansu na azurfa mai kyau, kashi 92.5 cikin ɗari. A gaba hoton Sarki Joji na Biyar ne da kambi. A bayan sule da dala akwai bishiyar kwakwar manja, shekarar bugu ta rabu biyu a gefenta. Nauyin sule giram 5.65 ne, dala kuma giram 11.3. Wasu an buga su a gidan buga kuɗi na gwamnati a Landan, wasu a Birmingham, kuma na kamfanin Heaton suna ɗauke da ƙaramin harafin H. Waɗannan ne kuɗin da kakanninmu suka riƙa nema ido rufe don biyan haraji da jangali zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, lokacin da Baitulmalin En'e ya daina son wuri. Su ne kuma kuɗin da gyaɗar Kano ta jawo bayan jirgin ƙasa ya isa can a 1911. Mu a wannan yanki jirgi bai ratsa Funtua ba sai ƙarshen shekarun 1920, saboda haka sulen azurfa a ƙafa da bayan jaki ya iso mana, ta hannun fatake da masu sayen auduga.

Rayuwarsa gajera ce, kuma a nan ne hujjata ta farko take. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tashin gwauron zabo. Ingila tana buga oza ɗaya ta zama kuɗi sule biyar da sisi, sai ga shi a Fabrairun 1920 ana sayar da ozar a kasuwar Landan kusan sule bakwai da sisi. Ma'ana ƙarfen da ke cikin sule ya fi sulen kansa tsada. Me kake tsammani? Mai wayo ya ɓoye, maƙerin fari ya narka. Tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, hukuma ta tura takardun kuɗi har na sule ɗaya, manoma suka ƙi su, wanda ya karɓa ma sai da ragi. Duk wanda ya tsaya layin banki ko gaban mai POS a Fabrairun 2023 ya ɗanɗani irin wannan ƙunci. A 1920 aka rage azurfar zuwa rabi na ɗan lokaci, sannan a cikin shekarar aka bar ta gaba ɗaya, aka koma buga sule da tagulla mai ruwan ɗorawa. Daga nan hukumar ta shiga janye na azurfar tana mayar da su Ingila.

To ka lissafa abin da ya sami waɗanda suka rage. Wasu an huda su an rataya wa yara da amare. Wasu an liƙa su a kan zobe, irin zoben da har yau ake gani a hannun tsofaffin mata da Fulani. Wasu sun zama munduwa da warwaro da adon linzamin doki. Waɗanda suka ci gaba da yawo a kasuwa kuma sun sha gumi da ƙasa da ƙullin bakin zane har suka sule. Shekara ɗari da ɗoriya ana wannan ɓarna, kuma duk lokacin da azurfa ta tashi a duniya, kamar 1980 da 2011, sai a sake bi gida-gida ana tattara abin da ya saura ana narkawa. An buga miliyoyi, gaskiya ne. Amma tambayar mai tara tsofaffin kuɗi ita ce guda nawa suka tsira kamar ranar da aka buga su. Amsar ita ce kaɗan ƙwarai.

Su masu wannan harka suna da ma'auninsu, kuma ba na nauyi ba ne. Wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara matakai daga 1 zuwa 70 a shekarar 1949. Kuɗin da ya goge har da ƙyar ake gane shi yana ƙasa. Daga 60 zuwa 70 kuwa sai wanda bai taɓa shiga hannun 'yan kasuwa ba, mai ɗauke da ƙyallin nan na asali da ƙarfen bugu ya bar masa. Akwai kamfanoni biyu a Amurka da duniya ta yarda da hukuncinsu, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Su ne ke duba kuɗi, su ba shi lamba, su rufe shi a cikin roba mai hatimi. Tazarar farashi tsakanin gogaggen sule da ɗan uwansa na shekara ɗaya da ya haura 60 tana iya zama ninki a kan ninki, domin na farkon kuɗin ƙarfensa kawai yake ci, na biyun kuwa ƙarancinsa ake saye. Kuma ga abin takaicin: kuɗin da aka dirje da toka ko yashi ko man goge ƙarfe, waɗannan kamfanoni ba sa ba shi lamba sosai, sai su rubuta cewa an wanke shi. Duhun nan da gwaggo ta ɗauka datti ne, a wurinsu shaidar shekaru ce. A dare ɗaya, da kyakkyawar niyya, ta mayar da sulalla biyu masu daraja suka zama daidai da sauran taran.

Hujja ta biyu ita ce ta masu saye. Yau galibin masu neman kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa suna Ingila da Amurka, kuma ba su da yawa. A gidajen gwanjo na Landan irin su Spink da Noonans kuɗinmu yakan zo ne a can gefen kundi. Amma ku dubi abin da ya faru da tsofaffin kuɗin azurfa na Sin da rufi na Indiya. Shekaru da yawa Turawa ne kaɗai ke tara su a farashi mai sauƙi. Da 'yan ƙasashen suka yi arziki suka fara neman tarihinsu su mayar gida, sai farashin masu kyan ya tashi ya bar na da can baya. Wannan sule namu tarihin ƙasashe huɗu ne, Najeriya kaɗai ta haura mutum miliyan 200. Attajiranmu suna sayen agogo da doki da gida a Dubai. Ranar da ɗari biyu kacal daga cikinsu suka so mallakar dala da sule na kowace shekara daga 1913 zuwa 1920 ba gogagge, ba za a sami abin da zai ishe su ba. Abin da ba a ƙara bugawa, kullum raguwa yake, masu nemansa kuma ba su ma farka ba, ni dai ban ga yadda za a ce ya kai ƙarshen farashinsa ba.

Yanzu bari in yi wa kaina tambayoyin da na san masu kaifin ido a zauren nan za su yi.

Wani zai ce farashi ai shi ne abin da mai saye ya biya, in ba a nema to arha ce ƙimarsa, kuma jiran ranar da attajiran Kano da Legas za su fara tara sulalla tamkar jiran gawon shanu ne. Wannan magana tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Hasashe nake, kuma hasashe yana iya kwana shekara talatin bai tabbata ba. Wanda ya sayar da akuya ya sayi sule don riba, ya sa kansa a uku. Wani kuma zai ce mafi yawan waɗanda ba su goge ba ai suna can Ingila, domin ma'aikatan mulki da 'yan kasuwar Turawa ne suka ajiye su don tunawa, musamman bugun farko na 1913, wanda shi ya sa na wannan shekara ba shi da wuyar samu a can kamar na shekarun yaƙi. Wannan ma gaskiya ne. Abin da ke hannun mutanenmu, tara cikin goma sha ɗaya kamar na gwaggo, gogaggu ne, kuma mai ma'auni bai zalunci kowa ba da ya saye su a kuɗin ƙarfe, in dai ma'auninsa na gaskiya ne. Sai dai kada a manta kakanninmu ba su da banki sai tukunya da rami. Manomin da aka biya shi da sabon sule a 1916 ya binne shi a ƙarƙashin gado a makon, ya adana shi fiye da yadda Bature zai adana a aljihun tebur. Irin waɗannan ne ke fitowa jefi-jefi idan ana rushe tsohon soro ko rabon gado, kuma su ne ke tafiya tukunyar narka ba wanda ya kalle su.

Matsala ta uku ta fi waɗannan nauyi. Ko da kana da mai kyan, ina za ka kai shi? Ba mu da mai tantancewa da duniya ta sani. Kuɗin aikawa waje da na dubawa da na dawowa, a canjin yau, yana iya cinye ribar sule ɗaya har ya nemi ƙari. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, don haka mai hankali zai tambaya kafin ya sa wani abu a ambulan. Ga kuma batun shari'a: musayar azurfa da kuɗi hannu da hannu ake yin ta, gwanjon da za a biya ka bayan wata guda kuwa magana ce da ya kamata a kai wa malamai. Wannan duka na yarda da shi. Amma ku lura, duk dalilai ne da ke bayyana abin da ya sa farashin ya faɗi a wurinmu. Babu ɗaya da ya nuna kuɗin ba shi da daraja. Mangwaron da ke ruɓewa a ƙauye don babu hanyar mota, mangwaro ne mai kyau.

A nan dole in ja kunne, domin na san yadda magana ke canja kama idan ta bar zaure ta shiga WhatsApp. Ba kowane tsohon kuɗi ne azurfa ba, kuma ba kowace azurfa ce mai wuyar samu ba. Kwabo da ɗari da anini masu huji da tauraro mai tsini shida, waɗanda aka fara bugawa tun 1907, babu azurfa a cikinsu ko ƙwayar zarra. Taro fari na 1938 zuwa gaba gamin jan ƙarfe ne da nikel. Haka sule da sisi da dala na Najeriya na 1959, masu hoton Sarauniya, farare ne amma ba azurfa ba. Masu yawo suna cewa kwabo mai huji yana jan shinkafa, ko akwai wani sinadari a cikinsa da Turawa ke saye da miliyoyi, 'yan damfara ne, ɗaya suke da masu labarin dutsen guga mai zakara. Za su sa ka biya kuɗin gwaji, daga nan wayarsu ta mutu.

Liyari kuwa shi ne ya fi yaudarar mutane. Babba ne, giram 28, ga hoton mace mai cikar ƙirji a gaba, ga tsuntsu mai kai biyu a baya, ga 1780 rubuce ɓaro-ɓaro. Duk wanda ya gani sai ya ce ya tsinci dukiyar shekara ɗari biyu da arba'in. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, kuma 1780 shekarar rasuwarta ce. Saboda Larabawa da Habashawa da mutanen ƙasashenmu sun amince da shi, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba a canjawa, a Biyana da Rum da Faris da Landan har da Bombay, sama da miliyan 300, kuma har gobe Ostiriya tana bugawa. Tarihinsa a wurinmu babba ne. Lokacin da Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 bayan ya ratsa Katsina, ya tarar ana canjin irin wannan dala a wuri 2,500. Amma abin da aka buga miliyan ɗari uku, yawanci kuɗin ƙarfensa da ɗan ƙari kawai zai ci. Ƙaramin sulen nan da aka raina, in bai goge ba, shi ne ya fi wuyar maimaitawa.

Sai jan kunne na biyu, wanda mu mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara muka fi kowa fahimta. Kada wanda ya ɗauki hoton sulallan gidansu ya ɗora a Facebook yana tambayar farashi. A yankin da jita-jitar an sayar da buhu goma na masara take kawo baƙi cikin dare, labarin akwai azurfa a gidan wane ba abin wasa ba ne. Infoma ba ya tantance gogagge da sabo. Wanda yake da su ya yi shiru, ya ware masu kyan da idonsa: ya dubi ɗigogin kambi, da gemu, da ganyen bishiya, ya dubi shekara ko tana tsakanin 1913 da 1919. Ya riƙe su ta gefe, kada ya wanke, ya naɗe kowane ɗaya daban a farar takarda don kada su gogi juna. In buƙata ta matsa, a fara sayar da masu huji da gogaggu da liyari, masu kyan su zama na ƙarshen fita.

Mu kuma da muke son zama marubuta, akwai namu kason a ciki. Kullum muna rubuta "ba shi da ko sisi", "ko anini ban ba shi ba", "taro da sisi", alhali da yawanmu ba mu taɓa riƙe ko ɗaya ba. Muna karanta Magana Jari Ce muna wuce fam da sule kamar sunayen aljanu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, sunanta ma farashinta ne. Kalmar dala da yau muke nufin kuɗin Amurka da ita, a bakin kakanninmu sule biyu ce, a Maraɗi kuma har yanzu sefa biyar ce. Bayan an canja kuɗi a 1973 mutane sun daɗe suna kiran kwabo goma sule, naira biyu fam. Wanda zai rubuta labarin da ya faru a Ruwan Godiya a 1925 ya kamata ya san cewa a shekarar akwai sule iri biyu a kasuwa, fari da mai ruwan ɗorawa, kuma dattijon da aka kawo wa sadakin 'yarsa zai fi son farin, zai ma buga shi a kan dutse ya saurari ƙararsa. Daga wannan kaɗai an sami rigima, an sami hali, an sami zamani. Wanda ke Kano ya leƙa Gidan Makama, wanda ke Abuja ya nemi gidan tarihin kuɗi na Babban Bankin Najeriya, ya ga abin da idonsa. Amma ni na fi so a ce ana iya ganinsa a gidajenmu, a hannun jikokin waɗanda suka yi gumi suka same shi.

Sisin nan mai huji ne kaɗai mai ma'auni ya turo gefe, wai ya yi ƙanƙanta, gwaggo ta mayar da shi bakin zane. Kwanaki na je gaishe ta na yi mata duk wannan bayani, har da na kambi da na toka. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To ɗan nan, da ka san haka me ya hana ka faɗa a daren?" Na ce, "Gwaggo, a lokacin ni ma ban sani ba." Ta kwance bakin zanen ta miƙo mini sisin, ta ce in duba mata shekararsa. Na kai shi bakin ƙofa wajen haske. 1919 ce, hujin ya cinye rabin kambin sarkin.